La'adar Fatoma: Nawa “Kyauta” Take Ci a Zango?

Ranar wata Alhamis bayan La'asar ina zaune a zaure ina ɗinke carbina da ya tsinke, sai ga ɗan ƙanwata ya faɗo da waya a hannu, baki har kunne. Ko sallamar kirki bai ƙarasa ba ya durƙusa kusa da ni.

“Kawu, yau za ka ga ikon Allah.”

Duniya ce a dunƙule kan fuskar wayar, kamar ƙwallo, an yayyafa mata ɗigo-ɗigo kore. Ya murza ta da yatsa ya tsaya kan Alƙahira, sai ga ƙira'a daga wata tashar rediyo ta can, tar kamar a ƙofar gida. Ya sake murzawa, Ankara ta Gana. Ya ƙara, wani gari a Indiya da ni da shi ba mai iya faɗin sunansa. Radio Garden ake ce wa shafin, mutanen Holan ne suka fito da shi a 2016. Daga nan ya buɗe Flightradar24, inda jiragen da ke sama a daidai wannan lokaci suke rarrafe kamar 'yan fara rawaya, ka taɓa ɗaya ya gaya maka inda ya fito da inda ya nufa. Na ƙarshen ne ya kashe mini jiki: hoton garinmu daga sama. Ga hanyar Daura, ga firamare, ga darbejiyar ƙofar gidanmu, har ga rumbun da ruwan bara waccan ya kayar, yana tsaye abinsa kamar ba abin da ya same shi.

Na ce, “Nawa ka biya?”

“Haba Kawu! Kyauta ne. Duk kyauta ne.”

Ba a yi rabin awa ba saƙo ya shigo wayar. Ya duba, ya sosa ƙeya, ya yi ƙasa da murya. “Kawu, ko da ɗari biyar a kusa? Data ce ta ƙare.”

Na ba shi. Amma tun daga ranar nake lissafi, don ni jikan fatake ne, kuma sunan garin nan kansa kalmar fatake ce: inda ayari ke sauke kaya a huta. Kakanninmu da suka bi hanyar Gwanja neman goro sun san wani mutum da ake kira fatoma. In ka isa zango shi ne mai masaukinka. Ɗaki kyauta, ruwan wanka kyauta, ga tuwo, ga wurin ɗaure jakuna, ga mai gadin kaya. Ba ya tambayarka ko anini. Sai dai duk abin da za ka sayar ta hannunsa zai bi, shi zai kawo mai saye, shi zai sasanta ciniki, kuma a nan yake yankar la'adarsa. Ba zamba ba ce, sana'a ce, kuma ta yi wa fatake rana. Abin lura ɗaya ne: falke ya san fatoma na cin la'ada, ya san a ina yake ci, kuma ya san kimanin nawa. Mu da muka sauka a masaukin intanet an shimfiɗa mana tabarma an ce kyauta ne, mun kwanta mun miƙe ƙafa, ba wanda ya tambayi inda mai gidan ke cin nasa.

A fara da abin da ake gani, wato data. Shafi kyauta ne, hanyar zuwa wurinsa ce ta kuɗi, kamar a ce an yi maka kyautar buhun masara a Funtuwa kai kuma kana 'Yardaje. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin 100, kuma ba su yi nawa ba. Mu ɗauki saurayi mai matsakaicin kwaɗayi, a ce yana sayen datar naira 500 duk bayan kwana biyu. Naira 7,500 ke nan a wata, 90,000 a shekara. Wani abin takaicin kuma, cikin datar nan da ya saya da guminsa har da wadda tallace-tallace ke sha. Ka buɗe shafin da zai juya maka hoto ya koma takarda don cike fom ɗin makaranta, kafin ka kai ga maɓallin da kake nema an nuna maka tallar caca, da ta maganin ƙiba, da wata mota da ko a mafarki ba ka hau ba. Kai ka biya kuɗin motar da ta kawo maka mai tallar.

Sai wuta. Waya ba ta cin tuwo, amma kullum sai ta ci caji, kuma a nan ba kowane gida ke da abin ba ta ba. Je ka tsaya gaban rumfar mai caji da safe ka gani: katako ne an jera masa soket kamar haƙoran zarto, wayoyi hamsin ko fiye a kwance, kowace an manna mata 'yar takarda mai lamba, mai ita ya tafi da ɗaya rabin a aljihu. Bayan rumfar inji na ta ƙugi, ko kuma faifan sola biyu a kan rufi in mai sana'ar ya ɗan yi ƙarfi. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, daga baya ta tsallake 1,000, kuɗin caji ya bi ta. A watan Oktoban 2024 kuwa, da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, aka shafe kwanaki jihohi da dama na cikin duhu, har 'yan birni suka ɗanɗana layin da mu muka saba. A ce kuɗin caji naira 100 kullum: 36,500 a shekara. Haɗa da ta data, 126,500. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, wato saura kaɗan a ce albashin wata biyu. To ina ga wanda ba shi da albashi, sai 'yar akuya da damin gero? Ban sa kuɗin wayar kanta ba, ban sa gilashin da ya fashe ba, ban sa batirin da ya kumbura don yawan kwana a wurin mai caji ba.

Akwai kuma wani haraji na musamman da mutumin bakin iyaka ke biya. Mu nan Nijar na bayan gida. A wasu ƙauyukanmu waya kan tsallaka ta kama sabis ɗin can ba da iznin mai ita ba, a wasu kuma sabis ɗin ɗigo ɗaya ne, sai an hau tudu ko an ɗaga hannu sama kamar mai roƙon ruwa. Fom ya kai rabi ya yanke, a sake daga farko. Hoto ya kusa shiga ya tsaya, a sake. Duk sakewa data ce ta tafi ba ta dawowa. Ɗan Legas da ɗan Rogogo shafi ɗaya suka buɗe, kalmar “kyauta” ɗaya aka rubuta masu, amma wanda ya fi talauci shi ya fi biya. Shi ya sa har gobe yaro ke hawa mota zuwa Daura ya ba mai kafe kuɗi ya cike masa abin da aka ce kowa na iya cikewa a wayarsa ba ko sisi.

Kamfanonin sun san da wannan. A 2016 Facebook ya kawo wani tsari Nijeriya tare da Airtel, mai suna Free Basics, wanda za ka shiga wasu shafuka ba tare da data ba. Wasu shafuka, na ce, waɗanda mai tsarin ya yarda da su, nasa kuma na kan gaba. A farkon shekarar nan ɗin Indiya ta haramta irin wannan tsari a ƙasarta, don ta ce bai kamata kamfani ya zaɓar wa talaka kusurwar intanet da zai gani ba. Mu muka karɓa hannu bibbiyu. Na san dattawa da har yau in suka ce intanet, Facebook suke nufi.

Duk wannan ƙaramin lissafi ne idan aka zo kan lokaci, kuma a nan ne zan ɗan daɗe, don na ga abin da idona.

Wanda ya zauna a kowace majalisa ta ƙasar Daura a shekarar 2024 ya san mainin, wato “haƙo” kuɗi a waya. Matasa zaune a kan benci, ba mai magana da wani, kowa ya sunkuyar da kai yana ta dannar fuskar waya da yatsu biyu, uku, wani har huɗu, kamar masu kiɗan kalangu marar sauti. An ce masu kowane danni kuɗi ne yake taruwa, ranar da za ta “fashe” za a kwashe. Ba kuɗin shiga, ba rajista, kyauta. Abin da ya rura wutar kuwa gaskiya ne: a watan Mayun shekarar wata manhaja mai suna Notcoin ta fashe ɗin, wasu sun sami abin da suka samu, labari ya zaga cewa wane ya sayi babur. Daga nan sai kowa ya zama ɗan baiwa. Babbar cikinsu ita ce Hamster Kombat, mai hoton wani ɓera da kwat, wadda masu ita suka ce mutum miliyan 300 suka shiga a faɗin duniya. Ta fara a watan Maris, aka raba abin da za a raba ranar 26 ga Satumba. Da yawa abin da ya zo hannunsu bayan wata da watanni bai wuce 'yan daloli ba.

Ku duba watannin da kyau. Daga Maris zuwa Satumba: sharar gona, kai taki, shuka, noman farko, maimai, har gero ya fitar da kai. A ƙasar da damina ɗaya ce, gajera, mai zuwa a makare ta tafi da wuri, an ɗauke yatsun samari daga ƙotar fartanya aka ɗora kan gilashi. Ban ce an bar gonaki sun zama saura ba, ƙarya zan yi. Amma na ga uba yana kiran ɗansa da asuba, ɗan yana cewa “Baba bari in ƙarasa na yau, kar ya wuce ni.” Ɗan ƙanwata ma ya yi wata huɗu a kan ɗaya daga cikin irin waɗannan manhajoji. Kullum akwai aikin da za a ba shi: kalli wannan bidiyo, bi wancan shafi, gayyato abokai biyar. Ranar da tasa ta fashe na same shi a soro ya yi tagumi. Na ce yaya? Ya ce, “Kawu, ko kuɗin datar da na sa bai fito ba.”

Ban yi masa dariya ba, don shi bai gane abin da ya faru ba, ni ma sai daga baya. Dannin ba ya haƙo komai. Bidiyon da ake sa su kalla, da shafukan da ake sa su bi, su ne kasuwar. Idon mutum miliyoyi abin sayarwa ne, masu talla na biya a kansa. Yaran sun ɗauka su ne fatake, ashe su ne kayan da ke cikin mangala.

Kada a ce wannan wayon ƙananan 'yan damfara ne kawai. Manya ma a kansa suke zaune, sai dai su da ladabi. Kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, ya sami kimanin dala biliyan 164 a 2024, kuma sama da kashi 95 cikin 100 na kuɗin daga talla suka fito. Ba mai ba da dala biliyan 19 ya sayi WhatsApp, kamar yadda suka yi a 2014, don neman lada. A da WhatsApp na karɓar dala ɗaya a shekara daga wasu masu amfani da shi, aka soke a 2016, aka ce kyauta. A watan Yunin 2025 aka sanar cewa talla za ta fara shiga sashen da ake sa status. Akwai ma wani abin dariya da ya fi wannan tsufa. Kun san karkatattun haruffan nan da shafi kan ce ka kwafa don ka tabbatar kai mutum ne? Wani masani ɗan ƙasar Gwatamala, Luis von Ahn, shi ya fito da nau'in da ake kira reCAPTCHA a 2007, Google ya saye shi a 2009. Kalmomin da ake ba mutane su kwafa daga tsofaffin littattafai da tsofaffin bugun jaridar New York Times aka yanko su, waɗanda kwamfuta ta kasa karantawa. Duniya ta yi shekaru tana yi wa wasu aikin akawu ba lada ba la'ada, kowa na zaton ƙofa kawai yake buɗewa. Wannan kam na yafe, don aƙalla littattafai aka ceto.

Abin da ban yafe ba shi ne suna. Akwai wata manhaja da ke nuna maka sunan wanda ya kira ka ko da ba ka da lambarsa. Ni ban taɓa sauke ta ba. Wata rana na kira wani baƙo kan maganar taki, yana ɗauka ya fashe da dariya, ya ce, “Ranka ya daɗe, ka san me wayata ta rubuta? Malam Mai Dogon Bayani.” Wani ne cikin waɗanda ke da lambata ya adana ni da haka, ya sauke manhajar, ta kwashe duk sunayen da ke wayarsa ta kai rumbunta. Shi ya ci kyauta, ni aka biya da ni. Nawa mai sauƙi ne, kuma ba zan ce sunan ƙarya ba ne. Amma a cikin wayar nan tasa akwai lambar matarsa, da ta 'yarsa budurwa, da ta surukarsa, ba wadda aka tambaya.

Irin wannan ƙofa ce manhajojin bashi suka bi. Ka sauke kyauta, ka danna “na yarda” a kan doguwar takardar Turanci da ko lauya sai ya sa tabarau, a ba ka naira dubu goma cikin minti biyar. Ranar biya ta wuce da kwana biyu, sai saƙo ya isa wayar limaminku da ta surukinka da ta maigidanka a kasuwa cewa wane ɓarawo ne, a guje shi. A garin da kowa ya san kakan kowa, wannan ya fi ɗauri ciwo. Abin ya yi ƙamari har hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a watan Maris na 2022, daga baya Google ya hana manhajojin bashi leƙa lambobi da hotunan da ke wayar mutum. Ita dai wannan hukuma ce ta ci Meta tarar dala miliyan 220 a Yulin 2024 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Nijeriya, kotun sauraron ƙorafi kuma ta tabbatar da tarar a Afrilun 2025. Dokar kare bayanai ma akwai ta tun Yunin 2023. Sai dai tsakanin doka a Abuja da tsohuwar da aka turo wa saƙo a WhatsApp cewa gwamnati na raba tallafi, ta danna nan ta sa BVN da NIN, akwai tafiyar da ta fi ta Gwanja nisa. Haka wanda aka kira aka ce taron ƙungiya za a yi, ya karanto lambobi shida da suka shigo wayarsa, kafin Magariba an ƙwace masa WhatsApp ana roƙon kuɗi da sunansa.

Wani kuɗin kuma ba a jin fitarsa sai ranar da aka nemi ajiya. 'Yan shekara talatin da wani abu sun tuna 2go, inda aka yi soyayya da faɗa da ƙawance. Yau wa ke leƙawa? BBM, da sai mai BlackBerry ke taƙama da shi, an rufe na jama'a a 2019. Skype ya bi su a Mayun 2025. Google Photos ya yi shekaru yana cewa a zuba hotuna ba iyaka, ranar 1 ga Yunin 2021 ya ce iyakar ta zo, daga gigabait 15 sai a biya. Kamfanin ya kuma sanar cewa asusun da aka yi shekara biyu ba a taɓa ba yana iya share shi. Wanda ya zuba hotunan aurensa da na mahaifinsa marigayi a can, layin da ya buɗe asusun da shi ya ɓata ko an toshe shi a rikicin haɗa layi da NIN, kalmar sirrin kuma mai kafe ne ya ƙirƙira masa ya manta, to sai haƙuri. Hoton kakana da aka ɗauka a Kano tun zamanin En'e yana nan a adakar gwaggona, gefensa kawai gara ta taɓa.

Ba mai masauki kaɗai ke iya rufe ƙofa ba, hukuma ma na iyawa. Gwamnatin Buhari, ɗan Dauran nan tamu, Allah ya jiƙansa, ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. A Satumban 2021 ɗin aka katse sabis ɗin waya baki ɗaya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan ta Katsina saboda 'yan bindiga. Mu abin bai iso mu ba, amma mun ji yadda mutanen Batsari da Jibiya da Faskari ke tafiya mai nisa don kiran waya ɗaya. Wanda ya ɗora kasuwarsa dungum a kan kyautar wani, ranar da aka ɗauke sai ya zauna.

Sai harshe da sani, wanda shi ne ya fi damuna a matsayina na mai alli. Google Translate ya sa Hausa tun Disambar 2013, kuma an ci gaba ƙwarai daga lokacin. Amma yawancin madannan waya ba su zuwa da ƙ da ɗ da ɓ a sarari, yara kuma sun saba, har sun kai ba su ga bambancin ƙasa da kasa, ko ɓata da bata, a takardar jarrabawa ma. Na taɓa tambayar ɗaya daga cikin manhajojin nan masu amsa kowace tambaya tarihin Zango. Cikin ƙiftawar ido ta zubo mini sakin layi huɗu masu santsi, rabi labarin Zangon Kataf na Kaduna, rabi na unguwannin zango na Gana, an dama su kamar fura, ba ko alamar shakka. Ba ta ce mini komai ba kan yadda sarautar Haɓe ta bar Daura bayan Malam Isiyaku ya ci garin a zamanin jihadi, da yadda zuriyar ta zauna a Zango da Ɓaure, da yadda Turawa da suka zo suka ɗauko Malam Musa daga Zangon nan suka mayar da shi gadon Daura, gidan da ke sarauta har yau. Wannan kowane tsoho a ƙofar fada zai ba ka shi a kan goro ɗaya. Ɗalibin da bai sani ba kuwa zai kwafe damammiyar furar ya kai wa malami, in malamin ma a can ya duba, shi ke nan ta zama tarihi.

Kar a ce na zo da wuƙa kawai. Akwai randar ƙofar gida a intanet, wadda aka ajiye don Allah, mai wucewa ya sha ya tafi. Wikipedia ba ta talla, da gudummawa take rayuwa, ta Hausa kuma 'yan sa kai ne ke rubuta ta da datarsu da cajinsu. Internet Archive, da wani Ba'amurke Brewster Kahle ya kafa a 1996, cike take da tsofaffin littattafan da ko a laburaren jami'a sai an sha wuya. Maktaba Shamila ta sa almajiri na yawo da dubban littattafan Larabci a aljihu, abin da malamin da ya rasu shekara arba'in baya zai ɗauka almara ce. Ƙamus ɗin Bargery na 1934, wanda da sai gidan wane da wane, yanzu ana bincika shi a waya. Kuma ko masaukin fatoma ma ai masauki ne. Tsohuwar da ba ta karatu tana jin muryar ɗanta da ke ci-rani a Legas, ta mayar masa da tata, ba ta nemi mai rubuta wasiƙa ya ji sirrinta ba. Mai sa yana tura hoton dabbar ga dillali tun kafin Lahadin kasuwar Mai'aduwa, ya ji farashi kafin ya biya kuɗin mota. Waɗannan riba ce, kuma mai yawa. Abin da na lura kawai shi ne randar sadaka ba ta da ɗan talla. Ba wanda ke samun komai in ya gayyato abokai biyar zuwa ƙamus, saboda haka ba wanda ya taɓa tsayar da ni a hanya ya ce in shiga.

Da lokacin aikin Hajji ya zo, yayarmu babba ta samu kujera. Muka raka ta Katsina, aka shige da su sansanin alhazai, muka dawo gida ba mu san ranar tashi ba. Dare na uku ta kira a gurguje ta ce ga su a cikin jirgi. Ni da kaina na aika aka kira mini ɗan ƙanwata.

“Zo ka buɗe mana abin nan naka na jirage.”

Ya dube ni yana murmushi. “Kawu, ba data fa.”

Na zaro dubu ɗaya na ba shi, ban ce komai ba, shi ma ya yi mini kara bai ce ba. Muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, matan gida da yara suka kewaye mu, kai bisa kai. Ya lalubo shi, ɗan ƙaramin abu rawaya, ya bar Katsina a baya yana tafiya gabas a hankali kamar ba ya so. Ƙanwata ta sa yatsa a kan gilashin tana cewa Allah ya kai ku lafiya, Yaya, sai taswirar ta goce, aka yi ta yi mata tsiya. Can muka ga jirgin ya yi lanƙwasa, yaron ya ce saboda yaƙin Sudan ne. Yara suka yi barci ɗaya bayan ɗaya. Wajen ƙarfe biyu, jirgin na dab da Bahar Maliya, wayar ta yi ƙara sau ɗaya ta ɗauke. Muka zauna cikin duhu muna kallon juna. Mai caji ba ya buɗewa sai bakwai.